FILIN MANOMA: Rumbun Lantarki Daga Tsofaffin Batura

Kaka ta yi. An yanke dawa, an kaɗe riɗi, kasuwar Sara ta cika ta batse da masu awo daga Gwaram da Birnin Kudu, har da fataken Kano. A lokacin nan ne kuɗi ke shiga hannun manomi, a lokacin nan ne kuma ya ke tunawa da bukatun gida waɗanda ya daɗe yana ɗagawa. Cikin bukatun nan kuwa, a zamanin yanzu, har da wutar lantarki.

Manomi yana bukatar caji don wayarsa, domin da ita ya ke jin farashin hatsi kafin ya ɗora buhu a mota. Mai lambu yana bukatar fitila don ban ruwan dare. Mai kiwon kaji yana bukatar haske ga 'yan tsaki. Ɗan kasuwa yana da na'urar cirar kuɗi wadda ba ta aiki sai da caji, akawu kuma yana da littattafan da ba ya gamawa sai bayan isha'i. Ga shi kuwa ƙauyuka da yawa waya ba ta kai gare su ba, inda ta kai ma wutar ba ta cika zama ba. Janareto kuwa, an daɗe da saninsa a gidaje, amma abin da ya karya shi shi ne ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Daga nan shan mansa ya fi ƙarfin talaka, jama'a suka koma ga faifan sola.

To, amma rana da rana ta ke aiki, bukata kuwa da dare ta ke zuwa. Saboda haka lalle sai da wurin ajiya, watau batir, wanda ya ke kamar rumbu: a zuba da rana, a ɗiba da dare. Sabon batir na ƙwarai yana da tsada, shi ya sa masu gyaran rediyo da waya suka shiga harhaɗa rumbun lantarki daga tsofaffin ƙwayoyin batir. Dabarar tana ci. Amma wanda ya yi ta da gaggawa, ɗayan biyu zai same shi, ko ya yi asarar kuɗin riɗinsa, ko ya kwana da gobara a ɗaki. Aikin duka ya rataya ga abu biyu, zaɓe da tsaro.

MECE CE ƘWAYAR LITIYAM?

Litiyam wani ƙarfe ne marar nauyi da a ke samu daga dutse. Akwai dutsen a Nijeriya, ana haƙarsa a Jihar Nasarawa, har a 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a can. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da batir na litiyam mai caji kasuwa a 1991. A 2019 kuwa aka bai wa masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel saboda aikinsu a kansa. Yau shi ne cikin waya da kwamfuta da tocilan mai caji da babur mai lantarki.

Ƙwayar da aka fi harhaɗawa ita ce wadda a ke kira 18650. Lambar nan awonta ne, kauri milimita 18, tsawo milimita 65, watau kamar babban yatsan ƙato. Nauyinta wajen giram 45 ne. Kanta shi ne mai alamar ƙari, gindinta mai alamar ragi.

Awo biyu ya kamata mutum ya riƙe. Na fari shi ne bolt, watau ƙarfin turin wutar. Ƙwaya cikakkiya tana nuna bolt 4.2, tsaka-tsakinta 3.7, in ta sauka zuwa 3.0 ta ƙare, sai caji. Na biyu shi ne yawan wutar da ta ke ɗauka, kamar a ce girman randa, ana rubuta shi a jikinta da haruffan mAh. Sabuwa ta gaske tana ɗaukar 2,000 zuwa wajen 3,500. Tana jure cikawa da juyewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinta ya ragu sosai.

INDA A KE SAMUNSU

Mafi yawa daga mataccen batir na kwamfutar tafi-da-gidanka su ke fitowa. A kan same su wajen masu gyara a Kano, a Farm Centre da Sabon Gari, da kuma hannun 'yan jari bola. In aka fasa batir ɗaya, galibi ƙwaya 6 ce a ciki, biyu biyu a jeri uku. Abin lura shi ne, in biyu kaɗai suka lalace sai batir ɗin duka ya ƙi aiki, a yar da shi, alhali huɗun suna da sauran rai. Wake ɗaya ne ya ɓata gari.

Ba a Nijeriya kaɗai aka gane haka ba. A 2014 masu bincike na kamfanin IBM a birnin Bangalor na Indiya suka gwada baturan kwamfuta da aka zubar, suka ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 suna da sauran ƙarfin da zai kunna ƙwan fitila na LED awa 4 kullum har shekara guda. A Ikko ma, a 2022 an ba da labarin wani kamfani mai suna Quadloop da ke ƙera fitilun sola da kayan da ya tsamo daga matattun na'urori.

Akwai abu uku da mai saye zai guje wa. Na ɗaya, ƙwayar jabu. Duk wadda aka rubuta mata 6,000 ko 9,900 mAh ƙarya ce, gwangwanin bai isa ɗaukar haka ba. A ɗora ta bisa ƙaramin sikeli, in ta gaza giram 40 da yawa a mai da wa mai ita. Araha ba ta ado. Na biyu, batir na waya mai faɗi wanda ya kumbura, wannan ba ya gyaruwa. Na uku, kayan da ba a san asalinsu ba, kamar waɗanda aka ciro daga fitilun titi. Wanda ya sayi kayan sata ya sayi shari'a.

LISSAFI KAFIN SAYE

Ba a gina rumbu sai an san yawan dammunan da za a zuba. Haka nan ba a sayen ƙwaya sai an san wutar da gida ke sha. Kowane kayan lantarki an rubuta masa shansa da wat. In aka ninka wat da yawan awoyin da ya yi a kunne, sai a sami abin da a ke kira wat-awa.

A ɗauka ga wani magidanci a Sara, bukatunsa na dare ɗaya ke nan:

Ƙwan LED 3, kowanne wat 5, awa 5: wat-awa 75.
Cajin waya 2: wat-awa 30.
Rediyo mai wat 5, awa 3: wat-awa 15.
Ƙaramar fanka mai wat 15, awa 4: wat-awa 60.
Jimla: wat-awa 180.

Tsohuwar ƙwaya mai 2,000 mAh tana ɗaukar wat-awa 7.4, watau 2 sau 3.7. Amma ba a so a riƙa share rumbu ƙarƙaf kowane dare, gara a sha kashi 7 cikin 10 a bar saura, don ƙwayoyin su yi ƙarko. Bisa wannan lissafi magidancin yana bukatar rumbu mai wajen wat-awa 260, watau ƙwaya 36. Nauyinsu duka bai kai kilo 2 ba. Faifan sola mai wat 80 zuwa 100 ya isa cika shi, har da ranakun hadari na Agusta da ƙurar hunturu, muddin ana goge faifan.

Mai karatu ya lura, ba a sa firji ko dutsen guga ko injin ban ruwa cikin lissafin ba. Rumbu irin wannan na ƙananan bukatu ne. Wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ya san abin da zai biyo baya.

ZAƁEN IRI

Manomin kirki ba ya ɗibar iri daga bakin buhu ya shuka. Tun a gona ya ke ware zangarniya mai kyau, ya duba, ya sheƙe, ya fitar da mai ƙwari. Haka a ke yi wa tsofaffin ƙwayoyi. Don haka mai bukatar 36 sai ya sayi fiye da haka da yawa, gama ba duka za su ci jarrabawa ba.

Kayan aikin su ne mitar awon bolt, da caja mai gwada mAh irin su LiitoKala ko Opus, da filaya, da salatif na lantarki, da alƙalami, da bokitin yashi a kusa. A yi aikin a waje cikin inuwa, bisa benci na katako. A cire zobe da agogon ƙarfe. A kori yara. Wajen fasa kwanson batir a bi a hankali, kada bakin wuƙa ko sukuddireba ya huda ƙwaya, a kuma yanke ƙarafunan da suka haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Ga jarrabawar, hawa biyar ce:

1. Duban ido. Wadda ta loɓe, ko ta yi tsatsa, ko ta tsiyayar da ruwa, ko ta ke wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, a fitar da ita. Wadda rigarta ta leda ta yage kaɗai, a sake mata riga. Dalili shi ne, gwangwanin duka ɓangaren ragi ne, har zuwa bakin kai, tsakaninsa da ƙari kuwa ɗan siririn zobe ne na takarda. In ƙarfe ya gitta wurin sai tartsatsi.

2. Awon bolt. Wadda ta nuna 2.5 ko fiye ta wuce. Wadda ta nuna ƙasa da 2.0 a fitar da ita, ko da mai sayarwa ya rantse zai tashe ta. In ƙwaya ta daɗe a ƙasa haka, jan ƙarfen da ke cikinta ya kan narke, in aka sake caji ya tsiro kamar ƙaya ya huda labulen da ya raba ɓangarorin biyu. Tana iya aiki wata da watanni, sa'an nan wata rana ta kama da kanta.

3. Caji na fari. A cika su a hankali, da rabin amfiya, mutum yana zaune a wurin. Lokaci lokaci ya taɓa su da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan ba kome, amma wadda ta yi zafi a zare ta nan take, a sa ta cikin yashi.

4. Awon ɗauka. Cajar za ta juye ƙwayar ta faɗi yawan mAh ɗinta na gaskiya. A rubuta lambar a jikinta. Wadda ta gaza 1,800 a ware ta don tocilan, kada ta shiga rumbu.

5. Hutu. A sake cika su, a jera su cikin kwali yadda kawunansu ba za su taɓa juna ba, a bar su mako biyu, in an kai huɗu ya fi. Sa'an nan a sake awo. Wadda ta tsaya a 4.1 ko sama lafiyayya ce. Wadda ta sauka ƙasa da haka randa ce mai yoyo, in ta shiga cikin 'yan'uwanta za ta riƙa shanye musu wuta dare da rana.

Hawa na biyar ɗin nan shi mutane suka fi tsallakewa, don ba ya bukatar kome sai haƙuri. Shi ne kuwa ke tona ƙwayar da sauran huɗun ba su gano ba.

HAƊAWA

Haɗi iri biyu ne. In aka jera ƙwayoyi kafaɗa da kafaɗa, kai da kai a haɗe, gindi da gindi a haɗe, bolt bai canja ba, amma randa ta ƙara girma. Wannan a kira shi dami. In kuwa aka haɗa kan wani dami da gindin wani, bolt ne ke ƙaruwa. Ga magidancin nan na Sara, sai a yi dami 3, kowanne ƙwaya 12, a jera su kai da gindi. Rumbun zai nuna bolt 12.6 in ya cika, 11.1 a tsakiya, 9 in ya ƙare. Wannan ya dace da ƙwayayen fitila da fanka da cajar waya masu aiki da bolt 12.

Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san ba a haɗa bijimi da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya. Ƙaramin zai gaji tun hantsi, aiki ya tsaya, ko da babban yana da sauran ƙarfi. Haka dammunan nan su ke. Wanda ya fi rauni shi ke fara cika, shi ke fara ƙarewa, shi ne kuma ke yanke wa rumbu duka hukunci. Saboda haka a tara lambobin da aka rubuta, a rarraba manya da ƙanana yadda jimlar kowane dami za ta zo daidai da ta ɗan'uwansa. Kafin a haɗa ƙwayoyin dami ɗaya kuma, a tabbata bolt ɗinsu ya zo ɗaya, bambancin kada ya wuce 0.05. In ba haka ba, cikakkiya za ta kwarara cikin ragaggiya da ƙarfi, waya ta yi zafi.

Abin da ya fi kyau wajen liƙi shi ne 'yar na'urar walda mai ɗigo, da siririn ƙarfen nikel. Waldar ɗigo ƙiftawar ido ce, zafi ba ya shiga cikin ƙwaya. Liƙi da dalma yana dafa ƙwaya. In babu makawa sai da shi, to, a yi da ƙarfe mai zafi sosai, kada a wuce daƙiƙa 2 ko 3, a bari ta huce. Akwai kuma nikel na jabu, watau baƙin ƙarfe da aka shafa wa nikel. Gane shi ba wuya: a kankare guntu, a jefa cikin ruwan gishiri ya kwana biyu. In ya yi tsatsa jabu ne.

Wani gargaɗi kuma. Akwai wata irin ƙwayar litiyam da a ke rubuta wa LiFePO4, ko bolt 3.2. Ita cikarta 3.65 ne, dami 4 a ke jerawa su ba da 12.8. Ta fi ɗaya irin jure zafi, ta fi ta wuyar kamawa da wuta, ta kuma fi ta ƙarko, don haka wanda ya sami halinta ita ta fi dacewa da ƙasa mai zafi. Amma kada a kuskura a gauraya iri biyun a rumbu ɗaya, ko a yi musu caja ɗaya.

MASU GADI UKU

Rumbun litiyam ba ya zama lafiya sai da masu gadi uku.

Na fari shi ne allon tsaro, wanda masu sayarwa ke kira BMS. Ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, yana da siraran wayoyi da ke zuwa kowane dami. Aikinsa ya yanke caji in wani dami ya kai iyaka, ya yanke sha in wani ya ƙare, ya kuma yanke wuta in wayoyi suka gamu. A sayi wanda aka yi don dami 3, mai ɗaukar amfiya 20, in an sami mai jin zafi da mai daidaita dammuna ya fi. Kuɗinsa kaɗan ne bisa ga kuɗin ƙwayoyin. Rumbun da ba shi da allon nan, kada ya kwana a gidan kowa.

Na biyu shi ne fis. A sa na amfiya 10 a bakin wayar ƙari, dab da rumbu. Masu ƙwarewa har kowace ƙwaya su kan yi wa nata da siririyar waya, don in ɗaya ta lalace ta yanke kanta, sauran 11 kada su juye cikinta. In fis ya ƙone a nemi dalili, kada a ɗaure wurin da waya mai kauri ko takardar sigari.

Na uku shi ne kwantirola, wadda ke tsakanin faifan sola da rumbu. A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Yawancin ƙananan kwantirola an saita su ne don batir na dalma irin na mota, suna tura caji har bolt 14.4. In aka raba 14.4 gida uku, kowane dami ya sami 4.8, alhali iyakarsa 4.2. Wannan hanyar gobara ce miƙaƙƙiya. Lalle a nemi kwantirola mai saitin litiyam, a tsai da ita a 12.6. Wanda ya tsai da ita a 12.3, watau 4.1 ga kowane dami, ya rage 'yar wuta kaɗan amma ya ƙara wa rumbunsa kwana ƙwarai. Kada kuma a taɓa haɗa faifai da rumbu kai tsaye.

INJIN FESHI

Manoman wake da masu lambu da yawa sun koma ga injin feshi na goyo mai batir. Galibi batir na dalma ne a ciki, mai bolt 12, nauyinsa ya haura kilo 2. In ya mutu ana iya maye gurbinsa da ƙwaya 12, dami 3 na huɗu huɗu, nauyinsu bai fi rabin kilo da kaɗan ba. Sharaɗi uku ne: allon tsaro nasa na kansa, da rufi mai hana ruwan magani shiga, da sabuwar caja mai bolt 12.6. Tsohuwar cajar injin a ajiye ta, ba tasa ba ce.

INDA ZA A AJIYE

Babban abokin gaban litiyam zafi ne. Masu ƙera shi sun ce kada a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. A ƙasar Gwaram da Birnin Kudu kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa ma ya kan haura digiri 40, balle ƙarƙashin rufin kwano da azahar, lokacin da faifai ke tura caji da ƙarfi. Saboda haka kada a rataye rumbu kusa da kwano. A sa shi ƙasa-ƙasa, bisa bulo, cikin ɗakin ƙasa mai sanyi, inda ruwan damina ba ya kaiwa.

A yi masa akwatin ƙarfe, a shimfiɗa katako ko roba a ciki don kada ƙwaya ta taɓa ƙarfen, a huda 'yan ƙofofin iska, a toshe su da raga saboda ɓera. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana, ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. A nisanta shi da rumbun hatsi, da tarin kara da harawa, da dangar zana, da jarkar fetur, da buhunan takin zamani.

Kowane wata a buɗe a auna dammunan. In ɗaya ya bambanta da saura da fiye da 0.1, akwai ƙwayar da ta fara ciwo, a nemo ta. In za a yi tafiya mai tsawo, kamar cin rani, a bar rumbu da rabin caji, wajen 3.7 ga kowane dami, a cire wayoyinsa duka.

IN GOBARA TA TASHI

Kada wani ya ɗauka maganar gobara tsoratarwa ce kawai. A 2006 kamfanin Dell ya janye baturan kwamfuta fiye da miliyan 4 saboda haɗarin kamawa da wuta. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7, ya daina yin ta ɗungum saboda wannan dalili. In sababbi daga manyan masana'antu sun yi haka, ina ga tsofaffi da aka haɗa bisa benci?

Wutar litiyam daban ta ke. In ƙwaya ɗaya ta kama, zafinta ne ke kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba. Alamunta su ne zafi, da wari, da ƙara kamar hucin maciji, da farin hayaƙi. Hayaƙin nan guba ne. Abu na fari a fitar da mutane, a tsaya ta inda iska ke fitowa. In ana iya cire wayar faifai ba tare da kusantar akwatin ba, a cire. Sa'an nan a kwarara ruwa mai yawa daga nesa, gama ruwa ne ke sanyaya sauran ƙwayoyin. In babu ruwa a bunne da yashi. Ko wuta ta mutu kada a mai da akwatin ɗaki, a bar shi a fili kwana biyu, domin ta kan sake tashi.

MATATTUN ƘWAYOYI

Waɗanda suka faɗi jarrabawa kada a jefa su juji. Jujin gida shi ne takin gona, abin da aka zuba masa jakai za su kai shi gona da bazara, garma ta fasa shi. In kuma aka cinna wa shara wuta, ƙwayar ta kan fashe ta yi tsalle kamar harsashi. Kada a bai wa yara su yi wasa. A liƙe kai da gindi da salatif, a tara cikin gwangwani mai yashi, a mai da su Kano wajen masu sayen irin waɗannan kaya.

GA WANDA ZAI SAYI HAƊAƊƊE

Ba kowane manomi ne zai zauna ya yi wannan aiki da hannunsa ba, ba kuma laifi ba ne. Wanda bai saba da waya da mita ba, gara ya kai wa mai sana'a. Amma ko a kasuwar shanu mai saye ya kan buɗe baki ya duba haƙori. To, kafin ya biya, ya ce a buɗe masa akwatin, ya yi tambaya biyar. Ina lambar da aka rubuta a jikin kowace ƙwaya? Mako nawa suka huta kafin a haɗa? Ina allon tsaro? Ina fis? A bolt nawa aka tsai da kwantirola? Mai sana'ar kirki zai ji daɗin tambayoyin nan, ya nuna kome da yatsa. Wanda ya naɗe kayansa da salatif ya ce ba a buɗewa, a bar masa abinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hatsin da ke cikin rumbu wahalar damina guda ce, daga sharar gona har zuwa sussuka. Bai kamata a sa shi cikin haɗari don ƙyashin kuɗin allo ɗaya da fis, ko don gajen haƙurin mako biyu ba. Wanda ya zaɓa da kyau, ya sa masu gadi uku, ya ajiye a inuwa, zai sami haske a gidansa da caji a wayarsa ba tare da sayen mai ba. Allah ya tsare gidaje da rumbuna daga gobara, ya sa albarka cikin abin da aka noma, amin.